Yadda Za Ka Koma Ranar Talata Ka Kama Ɓarawon Zanen Surukarka

Gyara zama, ɗan'uwa, yau ka dace. Idan ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsallake ba, na yi maka alkawari cikin kwana uku za ka damƙe ɓarawonka da hannunka. Ni na gwada su duka, kuma na kama nawa. Har gobe ina ganinsa kowace safiya.

Sunana Misbahu, tela ne ni a unguwar Briqueterie, wato Birik, shekara tara ke nan da barina Gusau. Ilimin bincike kuwa na samo shi ne a talabijin ɗin shagonmu, daga wani shirin 'yan sanda biyu da ake sawa kullum ƙarfe biyu na rana. Ofishinsu yana da asansar, ɗakin ƙarfen nan mai hawa bene da mutane, sai dai tasu ba bene take hawa ba, shekaru take sauka. Su danna 1979, ƙofa ta buɗe, su fita su kama mai laifi tun bai yi furfura ba. Kashi sittin da huɗu na kalla ban tsallake ko ɗaya ba. Da Faransanci suke magana, nawa kuma na ciniki ne, rabin abin da suke faɗa ta saman kaina yake wucewa. Amma na kama halayensu sarai, kuma halin shi ne aikin.

Ga shari'ar da za mu yi darasi da ita. Ranar Litinin matata Rahinatu ta haihu, 'yar fari, mace, tana wankan jego a gidansu a unguwar Nkomkana. Ranar Talata surukata Hajiya Jaratu ta tako da ƙafarta har shago, ta kawo zane a kalmashe bakinsa, domin da shi za a naɗe jaririya ranar suna. Ranar Alhamis Rahinatu ta kira ni ta ce, "Ka gama zanen Inna?" Na ce saura kaɗan. Na ajiye waya, na birkice shago sama da ƙasa, babu zane babu dalilinsa. Suna kuma Litinin mai zuwa ne.

Mataki na ɗaya: Ɗinka rigar tun kafin a yi laifin

A shirin, masu binciken biyu ne. Ɗaya saurayi ne na zamani, mai farin gilashi da kwamfuta, ko gumi ba ya yi. Ɗayan daga da can ya fito, mai gashin baki, mai doguwar kwat har gwiwa, wanda idan ya juya sai rigar ta ɗan jira kafin ta bi shi. Shi za ka zaɓa. Kwamfuta sai mai ita, kwat kuwa yadi uku da rabi ne.

Kada ka jira sai an yi sata. Ƙananan masu bincike ne laifi ke riska cikin singileti. Ni tawa ranar Laraba na ɗinka ta, kwana guda kafin in san akwai abin da ya ɓata, ka ga basira.

Yadin waje a kasuwar Mokolo na samo shi, ruwan ƙasa mai kauri. Shafi kuma, wato yadin da ake sa wa riga daga ciki, ba sai ka saya ba. Kowane shagon tela yana da buhun ƙyalle a gefen tebur inda ragowar yadin mutane ke faɗawa, kuma dokar teloli ta duniya ta ce abin da ya shiga buhun nan ya zama na tela, ko alƙali ba ya tambaya. Ina sa hannu a saman namu sai ga wata tsohuwar atamfa falle guda, ta koɗe, ta yi laushi. Na ce Allah Ya yi wa wanda ya yar da ita albarka. Na shimfiɗa ta, na sa alli, na yanka ta gida goma sha ɗaya, ido ɗaya a almakashi, ɗaya a talabijin.

A cikin aljihun hagu wani ɗan tsohon ɗinkin hannu ya faɗo, ƙulli-ƙulli, inda wani ya taɓa toshe huda da baƙin zare. Ka nemi irinsa. Duk mai bincike yana da abin da yake murzawa idan yana tunani. Na shirin ƙwayar ashana yake murzawa, ni kuma wannan ɗinkin.

Sannan ka ɓalla maɓallanka har wuya, ko rana ake ko ruwa. Mai bincike ba ya buɗe riga sai a kashi na ƙarshe.

Mataki na biyu: Hana fuskarka dariya

Ka taɓa ganin mai doguwar kwat ya yi murmushi? Sau ɗaya ya yi, a kashi na talatin, kuma washegari aka harbe shi a kafaɗa.

Ka tsuke baki. Ka nemi taga ka tsaya kana kallon nesa, kamar akwai wani tsohon baƙin ciki da ke cin ranka. Shagonmu ba shi da taga, saboda haka ni a bakin ƙofa nake tsayawa in zuba wa hayaƙin soya, wato tsiren maƙwabcinmu, ido har ƙwalla ta zo da kanta. Idan ba ka da tsohon baƙin ciki, tono ɗaya. Nawa wata babbar riga ce da na ƙona da dutsen guga ana gobe Sallah, shekara shida da suka wuce. Mai ita ya yafe tuni, ni ne ban yafe ba, saboda aiki yana bukata.

Idan mai kaya ya zo karɓar ɗinkinsa, kada ka ce ba a gama ba. Ka dube shi a hankali ka ce, "Lokaci ba abin da kake zato ba ne." Zai tafi. Wasu ma ba sa dawowa.

Mataki na uku: Kada kowa ya san ba ka san abin da kake nema ba

Wannan matakin shi ne ginshiƙi, ka buɗe kunne.

Al'adar tela ce idan an kawo yadi ya buɗe shi gaban mai shi, ya tsinko ɗan ƙyalle daga gefe ya maƙala a littafin awo kusa da suna. Ta haka ake sanin na wane da na wance. To, amma wa ya taɓa buɗe kayan surukarsa a gabanta yana juyawa kamar mai taya tumatir? Ranar Talatar nan, ina jin sallamar Hajiya jikina ya yi abin da aka koya masa tun a Gusau. Na sauko daga keke, na durƙusa, na sunkuyar da kai. Abin da na gani nata duka takalma ne, baƙaƙe, masu ɗan tudu. Ita ma Bafulatanar Garwa ce, kunyarta ta ninka tawa, ko sunana ba ta faɗa, mai ɗinki take ce mini. Ba ta miƙo mini a hannu ba, ban miƙa hannu ba. Ta ce da iska, "Ga shi nan, a kalmashe." Na ce da ƙasa, "To Inna, an gama."

Zan faɗa maka gaskiya tunda mu biyu ne. Ƙarfe biyu da kwata ne lokacin, asansar ta maƙale tsakanin shekara biyu da mutanen a ciki. Kaina yana ƙasa, amma wutsiyar idona tana talabijin. Da na ɗago, Hajiya ta tafi, su kuma sun fita lafiya, alhamdu lillahi.

Ka ga ke nan ban san launin zanen ba, ban san inda aka ajiye shi ba. Ƙaramin mutum zai kira matarsa ya amsa laifi. Kai kada ka yi. Ka bi ta bayan gida. Na kira Rahinatu na ce, "Wane launin zare kike ganin zai fi dacewa da shi?" Ta ce, "Kai ne tela, kalli zanen mana. Ka dai bi shi a hankali, ka san yadda Inna take ji da shi." Na ce na sani.

Daga nan sai ka yi hasashe, yadda mai kwat yake yi. Hajiya Jaratu ce, jikarta ta fari ce, kuma tana ji da zanen. Me hakan ke nufi? Sabuwar atamfar Holan, mai ƙyalli, a cikin leda mai sunan kanti. Na rubuta a littafi na ja layi biyu a ƙasa.

Mataki na huɗu: Nemo abokin aikin da ba kwa shiri

Ba a bincike mutum ɗaya. Dole ka sami wanda zai riƙa musa maka, don a san kai ne mai gaskiya. Ni na ɗauki Njidda mai soya, maƙwabcin shagonmu, mutumin Marwa, dogo, mai magana a hankali kamar yana auna ta a sikeli. Ya cancanta ta kowace fuska: ba ya kallon shirin, ba ya son rigata, kuma yana da wuƙa.

Na zayyana masa komai. Ya juya namansa ya ce, "Patron, me ya hana ka tambayi Hajiya yaya zanen yake? C'est tout."

Na ce, "Njidda, surukata ce."

Ya ce, "To tambayi madam."

Na ce, "Idan madam ta ji, Hajiya ta ji. Idan Hajiya ta ji, Nkomkana ta ji."

Ya dube ni daga wuya zuwa gwiwa ya ce, "Wannan manto ɗin ba ya ba ka zafi?"

Irin wannan abokin kake nema. A shirin ma mai gilashi kullum yana kawo magana mai ma'ana, kuma kullum ba a saurarensa sai saura minti biyar a tashi. Ka riƙe wannan tsarin da kyau.

Mataki na biyar: Zargi kowa, musamman wanda ya fi ƙaunarka

Ka share bango guda. Ka rubuta sunan duk wanda ya leƙo shago ranar da abin ya faru, ka kafa da allura, ka haɗa su da jan zare. A nan tela ya fi ɗan sanda gata, zare ba ya yanke mana. Ni na ƙarar da ƙwaryar zare biyu.

Mutum uku suka hau bangona. Talatu mai ƙosai, wadda ke shigowa kallon ƙarshen shirin da tire a ka. Mamadu direban taksi, wanda ya zo karɓar wando. Sai Yuguda mai surfani, wanda muke shago ɗaya da shi shekara shida, kekensa yana kallon nawa.

Talatu ta ce in na sake tambayarta za ta daina yi mini gyara. Na cire ta daga zargi na wucin gadi. Mamadu ya ce ya ɗauki wandonsa ya fita, kuma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko zan duba? Na ce masa ba wannan shari'ar muke yi ba.

Saura Yuguda. Ka tuna, a shirin mai laifi kullum shi ne wanda ya fi kowa kirki. Yuguda kuwa shi ya fara kai wa Rahinatu kaji biyu ranar haihuwa. Me ya sa biyu? Na zaunar da shi, na juya kujera baya na hau, na buga tebur da tafin hannu. Ka duba tebur kafin ka buga, namu akwai allura.

Na ce, ina tsotsar hannu, "Ina kake ranar Talata da ƙarfe biyu?"

Ya ce, "Na je sallah. Kai ne ka ce in je kai ka bi baya."

"Da ka dawo me ka gani?"

"Na gan ka kana kallo. Amma Misbahu, ranar Laraba da kake yanka wannan..."

Na ɗaga masa hannu na ce, "Ni ke tambaya a nan."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Shekara shida muna ci a kwano ɗaya." Ya koma kekensa, bai sake yi mini magana ba. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma na murza ɗinkin aljihuna na tuna mai kwat ma ba shi da abokai.

Mataki na shida: Yarda da hancinka

Mai gilashi kwalabe yake aikawa ɗakin gwaji. Mai kwat kuwa durƙusawa yake ya shanshana ƙasa ya ce mai laifi gurgu ne kuma yana shan shayi ba sukari. Hanci ba ya bukatar wutar lantarki, wanda a unguwarmu ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Njidda ne ya ba ni bakin zaren ba da saninsa ba. Ya ce, "Hajiyoyin nan duk zanensu a akwati yake da kafur. Ko sabo ne zai ɗauki ƙamshi." Na ce na riga na yi wannan tunanin. Na shaƙi iskar shago, sai ga kafur, ƙarara.

Ranar Juma'a da safe na bi ƙamshin. Na fita titi, yana nan. Na shiga taksi muka matsu mu biyu a kujerar gaba, yana nan, har matar da ke baya ta yi atishawa. Na sauka Mokolo na ratsa layin masu atamfa, hannuwa a baya, ina shanshana kowane tari. 'Yan kasuwa suka ga doguwar kwat da littafi, wasu suka fara tura kaya ƙarƙashin tebur, wani ya kira ni shef, wato babban jami'i, ya miƙo mini lemo mai sanyi. Ka karɓa. Ƙin karɓa yana tona asiri.

Duk inda na tsaya kafur, duk inda na juya kafur. Har a sahun Juma'a, da na yi ruku'u, sai da ya bugi hancina. A nan gaskiya ta bayyana mini, tsigar jikina ta tashi: ɓarawon bina yake yi. Duk taku ɗaya nawa yana nan kusa. Na dawo shago ina waiwaye, na ƙara wa sunan Yuguda zare.

Mataki na bakwai: Koma baya

Yanzu muka zo wurin. Na bincika Birik kaf, babu asansar mai sauka shekaru, babu ma mai hawa bene. Amma kada ka karaya, muna da hanyoyinmu.

Hanya ta farko, ka zauna a majalisar dattawa bayan la'asar ka ce, "Da can unguwar nan yaya take?" Za a kai ka shekara arba'in baya ko kana so ko ba ka so, matsalar ita ce dawowa. Hanya ta biyu, ka jira a ɗauke wuta. Nan take kowa ya koma zamanin keken ƙafa da dutsen guga na gawayi. Sai dai duka biyun nisa suke kai mutum, ni kuma Talata kawai nake nema.

Hanya ta uku ita ce ta ƙwararru. Ranar Asabar na mayar da agogon bango ƙarfe biyu da kwata, na rubuta TALATA da alli a ƙofa, na kunna talabijin. Na aro gyalen Talatu na yafa wa Njidda, na ba shi ƙunshin tsumma, na ce shi ne Hajiya. Ya ce idan wani daga Marwa ya gan shi, ni zan yi bayani.

Ya yi sallama da siririyar murya. Na sauko na durƙusa. Kuma wallahi abin ya yi aiki, gabana har faɗuwa ya yi. Na ga ƙafafu, na ji "Ga shi nan, a kalmashe," na ce "To Inna." Da na ɗago na ce, "Ina ka ajiye?"

Ya nuna saman buhun ƙyalle.

Na ce, "Me ya sa nan?"

Ya ce, "Tebur cike yake, keke cike yake, kai kana ƙasa ka tare hanya. Voilà, nan ne kawai hannu yake kaiwa daga ƙofa."

Na yi wata 'yar dariya ta cikin hanci, wadda doka ta yarda da ita. Na ce, "Njidda, nama ka sani. Hajiya Jaratu za ta ɗora sabuwar Holan a kan buhun tsumma? Sake shigowa." Sau huɗu yana shigowa, sau huɗu yana ajiyewa a kan buhu. Na rubuta a littafi cewa tafiyar ba ta ba da sakamako ba saboda rashin ƙwarewar ma'aikaci.

Ka koyi wannan: idan hujja ta saɓa wa hasashenka, hujjar ce ba ta kalli shirin ba.

Mataki na takwas: Tara kowa, sannan ka buɗe riga

Ranar Lahadi da hantsi, ana gobe suna, Rahinatu ta kira sau biyar ban ɗauka ba. Lokacin kashi na ƙarshe ya yi.

Ka jera waɗanda ake zargi a benci. Talatu ta zauna da tirenta a cinya, Mamadu da wandonsa a hannu, Yuguda a ƙarshe yana kallon ƙasa. Njidda ya tsaya a ƙofa. Ka yi ta kai da kawo a gabansu, kada ka yi sauri. Na ba su labarin leda mai sunan kanti, na ba su labarin kafur da ya bi ni har masallaci, na tambayi ɗakin gaba ɗaya me ya sa kaji biyu. Ina magana ina ɓalle maɓalli ɗaya-ɗaya, daga wuya zuwa ƙasa, daidai yadda mai kwat yake yi.

Na ce, "Ɓarawon zanen nan yana cikin shagon nan yanzu haka." Na juya a kan dunduniya, na kama gefen rigar biyu na wage ta.

Sai aka yi sallama.

Jikina bai tambaye ni ba. Kafin in san me ake ciki ina durƙushe, kai a ƙasa, kwat ta baje a siminti hagu da dama, cikinta yana kallon sama. Na ga baƙaƙen takalma masu ɗan tudu a bakin ƙofa. Hajiya ta gaji da jira, ta zo karɓar zanenta da kanta.

Takalman suka tsaya. Sannan suka yi abin da ba su taɓa yi ba tun da na auri Rahinatu, suka matso. Hannunta ya sauko, ya shafi shafin rigar, ya bi shi har aljihun hagu, ya zaro cikinsa waje. Babban yatsanta ya tsaya a kan ɗan baƙin ɗinkin nan da na kwana huɗu ina murzawa. Ko tiren Talatu bai motsa ba.

Da ta yi magana, da Njidda ta yi. Ta ce, "Ka ce wa mai ɗinki, wannan ɗinkin Innata ce ta yi shi. Tartsatsin wuta ne ya huda wurin, a Garwa, ina bayanta. A cikin zanen nan aka goyo ni muka zo garin nan. A cikinsa na goyi Rahinatu. Shekara hamsin da shida ban bari almakashi ya taɓa shi ba." Ta gyara gyalenta ta ce, "Shi kaɗai ya rage mini nata."

Njidda ya juyo ya ce, "Patron, ta ce..."

Na ce, "Na ji."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba. Wanda na ƙirƙira a mataki na biyu wasa ne. Takalman suka juya suka fita.

Ka lura dai, alkawarina ya cika. Ɓarawon yana cikin shagon, kuma cikin kwana uku aka kama shi.

Mataki na tara: Hukunta mai laifi

A shirin, a nan ake sa ankwa, kiɗa ya tashi. A Birik reza ake ɗauka.

Na cire kwat na shimfiɗa a tebur, na ɗauki reza. Sai na ga wata rezar ta sauka a ɗaya gefen. Yuguda ne. Na ce, "Yuguda, ka yafe mini." Ya ce, "Riƙe nan, kada ya ja." Muka farke ɗinki ɗaya-ɗaya, tun hantsi. Talatu ta zazzage buhun ƙyalle a ƙasa tana tsinto 'yan guntayen da suka faɗi ranar Laraba, na wuya da na hammata, har guda takwas. A tarihin teloli wannan ne karo na farko da buhun ƙyalle ya mayar da abin da ya ci. Njidda ya tafi ya dawo da soya ya ajiye mana.

Muka jera su a tebur muna haɗa fure da fure. Yuguda ya ce keke zai yaga shi, yadin ya tsufa, sai da hannu. Muka yi da hannu, da zare mafi siriri da ke shagon. Kafin magariba zane ya koma zane. Ya rage faɗin tafin hannu, kuma idan ka ɗaga shi a haske za ka ga taswirar kwat a jikinsa, har da inda aljihu yake. Na kalmashe bakinsa, aikin minti goma da aka kawo shi dominsa tun farko.

Washegari aka raɗa wa yarinya suna Hadija, sunan mahaifiyar Hajiya. Da maza suka watse aka ce in shiga. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, kai a ƙasa, ina jiran abin da zai sauko. Na ji Hajiya tana juya zanen, tana bin ɗinkin da yatsa, ta daɗe. Sannan ta ce da Rahinatu, "Ki ce wa mai ɗinki, Innata ta bar ɗinki ɗaya a zanen nan, kuma na ba ki labarinsa. Uban yarinya ya bar nasa sun fi ashirin. Idan ta girma ta tambaya, shi zai ba ta labarin da bakinsa, har da rigar, har da gyalen Njidda. Ba ragi."

Rahinatu ta ce, "Ta ce..."

Na ce, "Na ji."

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba a gaban surukata, na ɗaga kai. Ga 'yata a naɗe cikin zanen, tana barci, ɗan baƙin ɗinkin nan daidai kunnenta. Idona ya cika, kuma babu hayaƙin soya a kusa da zan ɗora wa laifi.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. Idan allura ta soke ka, idan abokin shekara shida ya daina yi maka magana, idan mai ƙosai ta janye gyara, idan aka kira ka shef a Mokolo sannan shef na gaskiya ya iso, kai da rigarka, ni ban san ka ba. Ba a karɓar ƙorafi a shago, musamman ƙarfe biyu na rana, ko da yake yanzu a wannan lokacin talabijin ɗinmu a kashe yake, kuma duk yadin da ya shigo sai na buɗe shi, ko na waye. Kwat ɗin tana nan a rataye ba shafi, mai so ya zo ya ɗauka.

Wanda kuma ya san inda ake samun asansar nan, don Allah ya yi mini magana kafin yarinyar ta fara tambaya. Ba na son 1979. Talatar nan kawai nake so, ƙarfe biyu da kwata, in ɗaga kaina sau ɗaya.